Tsumma a Wuyan Kokwamba

Mako biyu muka yi a kan teku daga Ikko, kuma a cikinsu ban ci abin kirki ba, ban yi barcin kirki ba. Ni mutumin Kunduru ne ta ƙasar Kankiya. Ruwan da na sani shi ne na fadamarmu, wanda in ya yi yawa ya kai wa mutum gwiwa. Sai ga ni a kan ruwan da ba shi da gaɓa, a can ƙasan jirgi inda ake zuba irinmu, ina amai ina salati. Wani Bayarabe da ke kwana kusa da ni ya gaji da nishina, ya riƙa miƙo mini busasshen biskit yana cewa in daure. Na daure, tunda babu ƙofar fita.

Lambu ne ya kai ni. Ubana mai lambu ne, gurji da albasa da tattasai yake yi da rani, a hannunsa na koya. Da na tasa na sami aiki a lambun wani Baturen gona da ke zaune wajen Kankiya, wanda muke kira Jan Kunne in ba ya kusa. Shi ya ga ina da hannun shuka. Ya ce yayansa yana da gonar kokwamba a Ingila, cikin ɗakunan gilashi, in je in yi shekara biyu in koyo, in na gama yayan ya sa ni a jirgi in dawo. A lokacin Turawa ke mulki, in Bature ya ce ka je, ba ka cika tambayar nisan wurin ba. Shi kansa bai raka ni ba, an yi masa canji zuwa wata ƙasa. Takarda kawai ya ba ni mai sunan yayan da sunan garin, na ɗinke ta a cikin hulata. Na bar Baba ya tsufa, yana fama da wani tari da ya ƙi jin magani. Ba abin da nake so a duniya irin in koma in same shi da rai, kuma hanyar komawar tana hannun mutumin da ban taɓa gani ba.

Mun sauka a Libaful da hantsi, amma babu ranar da za ta nuna hantsi ne. Sanyi ya shiga ƙashina tun ina kan tsanin jirgi. Ina tsaye da akwatina na ƙarfe, na rasa gabas na rasa yamma, sai na ji an ce mini sannu da zuwa da Hausa. Na waiwaya da sauri har hulata ta kusa faɗuwa. Wani baƙin mutum ne, siriri, sanye da kwat biyu ya ɗaure su da igiya a ƙugu. Ya tambaye ni garinmu, na faɗa.

"Kunduru ta Kankiya?" ya ce. "Ni hwa mutumen Yashe ne. Kukar nan ta bakin kasuwa tana nan, ko sun sare ta?"

Na ce tana nan. Na riƙe hannunsa na ƙi saki, kai ka ce ɗan ɗakinmu ne. Muna tafiya zuwa tashar jirgin ƙasa ya ba ni labarinsa. Kuku ne na wani hafsan soja, bayan yaƙi maigidan ya zo da shi. Wata rana ya yi wani kuskure a gidan, aka kore shi, ba wanda ya sa shi a jirgi, shi ke nan ya maƙale. Ya daina ƙirga shekarun. Bakinsa na warin giya, haƙoransa na gaba sun zube. Na tambaye shi, in mutum ya mutu a nan wa ke yi masa wanka da salla. Ya yi dariya, ya ce namu biyu ya gani an rufe, a cikin akwati awa kaya, ba wanda ya tambayi inda alƙibla take.

A tasha ya ce in je taga in nuna takardata, shi zai tsare mini akwati. Na je na nuna, na dawo, babu shi babu akwati. Bargona na ciki, da kwat ɗin da Jan Kunne ya ba ni, da ƙuli-ƙulin da uwata ta soya. Aka bar ni da rigar saƙin da ke jikina, ɗinkin Kusada, baƙa mai ratsin fari. Gaskiya ban ji haushin mutumin nan kamar yadda na ji tsoronsa ba. Na ga abin da kora ɗaya ke mayar da mutum a ƙasar nan, na yi wa kaina alkawari ko duka za a yi mini ba zan yi abin da za a kore ni ba.

A jirgin ƙasa na zauna ina rawar ɗari, mutane na kallona ta saman jaridunsu. Wata tsohuwa da ke fuskantata ta buɗe jakarta, ta raba burodinta biyu, ta zuba mini shayi a murfin gorarta. Ba ta yi mini magana ba sai da muka isa Landan, ta duba takardata, ta kama hannun rigata ta kai ni wurin wani ma'aikaci mai baƙar hula, shi ya sa ni a jirgi na biyu. Ban san sunanta ba, amma har yau in na sha shayi mai madara takan faɗo mini a rai.

Gonar tana wani ƙauye da ba ka ganin komai sai gilashi da dogayen bututun hayaƙi. Yayan Jan Kunne gajere ne mai ƙiba, kullum da lofen taba a baki, ko da wuta ko babu, don haka na sa masa Mai Lofe. Ba mugu ba ne, amma ban taɓa ganin haƙoransa ba. Ya karanta takardar, ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya nuna mini wani ɗan ɗaki a jikin tanderun da ke dafa ruwan gonar. A nan na zauna. Ɗakunan gilashin kuwa abin mamaki ne. A waje ruwa ya daskare a bokiti, ka tura ƙofa ka shiga sai ka ji kamar kana Kankiya a watan bazara, don akwai bututun ruwan zafi da suka bi ta ƙasa ko'ina. Kokwamba ba ta yaɗo a ƙasa kamar gurjinmu, igiya ake ɗaura mata ta hau sama, 'ya'yan su rataye, kana wucewa suna bugun ka a goshi.

Wanda ya riƙe ni a gonar wani dattijo ne mutumin Italiya, ana ce masa Toni, ni kuma ina ce masa Baba Toni don furfurarsa. Shi ma yaƙi ne ya kawo shi ya bar shi, yana zaune da matarsa a wani gidan gonar. Turancinsa bai fi nawa ba, rabin hirarmu da hannu muke yi. Rana ta biyu ya kawo mini tsohuwar kwat ɗinsa. Da ya lura ina ture naman da ake ba mu gefe, bai tambaye ni dalili ba, sai matarsa ta fara aiko mini da taliya da tumatir a kwano mai murfi. In na shiga rumfar kaya zan yi salla, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran wani abu da bai lalace ba, don kada samarin gonar su shigo su yi mini dariya. Aikinsa shi ne tagogi da ragar da ake rufe su da ita.

Da sanyi ya fara sauƙi, Mai Lofe ya tara mu ya ce bana zai yi gwaji. Shekaru da yawa iri ɗaya yake shukawa, wanda ya gada wurin ubansa, amma yanzu masu sayar da iri sun dame shi da sababbi, masu aure, wato an haɗa iri biyu an fitar da ɗaya. Ya ware ƙananan ɗakuna uku, kowanne da irinsa. Wanda ya fi, shi zai cika manyan ɗakunan gonar da shi baɗi. Ɗaki na ɗaya aka sa na gadon, na sa mata Tsohuwa. Tana da daɗi, amma da dare ya ɗan yi sanyi sai wata farar cuta ta hau ganyenta kamar an watsa toka. Na biyu na sa mata 'Yar Gaggawa, don ta riga kowa fure ta riga kowa haihuwa, sai dai 'ya'yanta gajeru ne, wasu su lanƙwashe, kuma kafin a je ko'ina ta fara gajiya. Na uku daga ƙasar Holan aka kawo ta, na sa mata Baƙuwa, tunda ni da ita duk jirgi ya kawo mu. Ita aka ba ni in kula da ita.

Doka biyu aka ba ni. Kowace safiya in bi layi in tsinke duk wani fure namiji, wanda babu ɗan ƙwarya a bayansa, in zuba a bokiti. Sannan kada in taɓa ragar taga, kada ƙudan zuma ko ɗaya ya shigo. Mai Lofe ya faɗi dalili, na tabbata ya faɗa, amma da lofe a bakinsa ya faɗa, ni kuma na ce to, don na saba cewa to. A raina na ɗauka tsabta ce irin ta Turawa, mutanen da ke share ganye a ƙarƙashin itace.

Baƙuwa ta yi kyau har ta ba ni tsoro. 'Ya'yanta miƙaƙƙu, kore shar, tsawon kamu ɗaya, duk kai ɗaya kamar an auna. Farar cutar ta ci ɗaki na ɗaya, ta leƙa na biyu, amma nawa ko ɗigo. Mai Lofe kan shigo da ɗan littafinsa, ya latsa wannan ya shinshina wancan, ya gutsura ya tauna, ya fita bai ce komai ba. Baba Toni ya ce mini wannan shirun yabo ne.

A cikin kwanakin nan wasiƙa ta zo daga gida. Ƙanena Hamisu ya je kasuwar Kankiya ya sa an rubuta. Bayan gaisuwa ya ce Baba bai sauka fadama ba bana, tarin ya kwantar da shi, wani lokaci har da jini. Ya ce Baba ya ce a gaya mini: "Ka yi wa mutane aikinsu da amana. In ka ga iri mai kyau can, ka taho mani da shi in gani." Na karanta a bayan tanderu. Washegari na tari Mai Lofe na tambaye shi yaushe jirgina. Ban ce masa ubana ba shi da lafiya ba, a wurinmu ba ka buɗe wa baƙo cikin gidanku haka kawai. Ya ɗaga mini yatsu biyu, wato sai na cika shekara biyun, ya wuce. Ban ko cika shekara ɗaya ba.

Sai na yi tunanin da ya jefa ni. Na ce in ni ban isa gida ba, ai iri zai shiga ambulan ɗin wasiƙa. Na ɗauki kokwamba ɗaya cikin waɗanda aka ware, na tsaga ta da wuƙa, na duba cikinta. Babu ƙwaya. Wasu 'yan fatu-fatu ne kawai marasa ciki. Na tsaga ta biyu, haka. Ban taɓa ganin abin shuka da ba ya ɗauke da 'ya'yansa ba. Na zauna na yi lissafi irin na ɗan mai lambu. Kabewa ba ta yi sai zuma ta bi ta kan furenta, dabino ba ya yi sai da namiji. Mu kuwa kowace safiya muna kashe mazan, mun kuma hana zuma shiga. Na ce ashe abin da sauƙi, Turawan nan da duk iliminsu sun manta da ajiye iri.

A can ƙarshen ɗakin akwai lungu a bayan babban bututu, inda Mai Lofe ba ya shiga saboda tumbinsa. Na bar furanni maza a wurin ban tsinke ba. Na ɗan zare ƙusa biyu na ragar tagar da ke sama, na buɗe kamar faɗin tafin hannu. Ba a yi kwana biyu ba na ji kukan zuma a ɗakin, raina ya yi fari kamar na ji muryar gida. Da na ga wata kokwamba ta kama, gindinta ya fara kumbura alamar ƙwaya, sai na yi abin da Baba ke yi. A lambunmu in ya zaɓi gurjin da zai bari na iri, sai ya yagi bakin rigarsa ya ɗaura masa a wuya. Duk Kunduru an san wannan. Yaro ba ya taɓa gurji mai tsumma, ko ɓarawo ya shigo lambu yakan tsallake shi, don iri ba na ci ba ne. Na yagi bakin rigata ta saƙi na ɗaura mata, har da bisimilla.

Ban san zuma ba ta san lungu ba. Ta bi ɗakin gaba ɗaya.

Bayan kamar mako uku, motar da ke kai kaya kasuwar Landan ta dawo da akwatunan ɗaki na uku. Mai saye ya ce ɗaci gare su, ba mai ci. Mai Lofe ya ɗauki ɗaya ya gutsura, ya tofar, fuskarsa ta yi ja har wuya. Ni ma na ɗanɗana a ɓoye, ɗaci kamar maɗaci. Sai a ranar Baba Toni ya fahimtar da ni abin da ban ji ba tun farko: irin wannan kokwamba in zuma ta kai mata garin namiji, sai ta yi ƙwaya, ta kumbura, ta yi ɗaci. Yana yi mini bayani da hannu, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar labarin wani ake ba ni.

Da azahar, da kowa ya tafi cin abinci, na ruga lungun na tsinke mazan na cusa a aljihu. Ragar ce ban samu na mayar ba, don na ji tafiya. Mai Lofe ne, da tsani a kafaɗa. Ya bi tagogin ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga wadda na buɗe. Ina jin sa ya kira Baba Toni. Ban ji duk abin da aka faɗa ba, amma na ga dattijon nan ya cire hula yana rantsuwa da hannu a ƙirji, na ga Mai Lofe ya nuna masa hanyar waje. Aka ba shi zuwa ƙarshen mako ya bar aikin ya bar gidan. Baƙuwa kuma aka ce za a tumɓuke ta, tunda Mai Lofe ya ce ko laifin zuma ne ko halin irin ne, shi ya gama da ita, 'Yar Gaggawa zai zaɓa.

Kwana uku na yi shiru. Zan faɗi wannan ba tare da na yi wa kaina ado ba. Kullum na buɗe baki sai in ga mutumin Yashe da kwat biyu da igiya a ƙugu, sai in ga Baba kwance yana jiran ɗan da ya zama labari. Abinci ya ƙi shiga. In Mai Lofe ya yi tari a bayana sai bokiti ya kusa suɓuce mini. Mafi muni, a cikin kwanakin nan uku matar Baba Toni ba ta fasa aiko da kwanon taliya ba, alhali tana ɗaure kayansu. Ina karɓa in ce na gode.

Abu ɗaya ne ban yi ba, ban cire tsumman ba. Sau biyu na shiga lungun da wuƙa na fito. Na ce wa kaina saura kwana kaɗan ta nuna, kada wahalata ta tafi a banza. Amma na san ƙarya nake yi wa kaina. Bakina ne ya kasa faɗa, sai na bar rigata ta faɗa.

Ranar da za a tumɓuke, Mai Lofe ya shigo da mu biyu, ni da Baba Toni, ya ce mu fara daga ƙarshe mu yo gaba. Ya tsaya yana kallo muna yanke igiyoyi. Da ganyen lungun ya zube, sai ga kokwambar a fili, ƙatuwa, ta yi rawaya, da baƙin ƙyalle mai ratsin fari a wuya. Ya sunkuya da ƙyar ya kwance shi. Ya dubi ƙyallen, ya dubi bakin rigata da ke leƙowa ƙarƙashin kwat. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na faɗi komai, furannin, ƙusoshin, duka, da Turancina mai ɗingishi. Ban iya duban Baba Toni ba.

Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa, karo na farko da na gani. Ya tambaye ni mene ne amfanin tsumman. Na ce a garinmu haka ake yi wa wanda aka zaɓa na iri. Sai ya ce, cikin ɗakunan nan uku, ubana wacce zai ɗaura wa. Na ce wannan. Ya ce don me. Na ce Tsohuwa ba ta jure cuta, 'Yar Gaggawa ba ta jure tafiya, wannan kuwa ba ta taɓa yin laifi ba sai wanda na sa ta. Ya ce a bar sauran tumɓukewar. Sai ya tsaga rawayar da wuƙarsa, ƙwayoyi suka cika masa hannu, ya ce in duba da kyau. Ya ce iri mai aure ba a ajiye shi. In na shuka waɗannan ba uwarsu za su biyo ba, wani ya biyo kakansa na nan, wani na can, wani ya fito abin da ba shi da suna. Masu haɗa shi ne kaɗai ke riƙe da iyayen, kowace shekara sai an koma wurinsu. Ya zubar da su a bokiti. Wato duk abin nan da na yi, ko da ya tafi daidai, ba abin da zan aika wa Baba.

Sannan ya yanke hukunci. Toni ya zauna. Baƙuwa ita za a shuka baɗi. Ni kuma ba zai iya riƙe mutumin da ya ga ana korar wani a kan laifinsa ya yi shiru ba. Na rufe ido ina jiran a nuna mini titi. Sai na ji ya ce akwai jirgin da zai tashi zuwa Ikko wata mai zuwa, zai sa ni a ciki, kada ƙanensa ya ce ya yar da ni.

Sai da na sa ya maimaita. Wata mai zuwa. Abin da na yi wata da watanni ina tsoro, ashe shi ne ƙofar gida. Na fita na zauna a kan tulin kwal, kuka ya ƙwace mini, irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Ina kuka ina lissafin kwanaki, teku, jirgin ƙasa zuwa Kano, mota zuwa Kankiya, in Allah ya so kafin a yanke gero ina zaune kusa da Baba.

A haka Baba Toni ya same ni. Ya daɗe tsaye a kaina. Na ɗauka zagi zai yi, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya dafa kafaɗata, ya juya ya nufi gidan Mai Lofe. Ban kawo komai a raina ba. Can da la'asar sai ga su su uku, shi da matarsa da Mai Lofe. Matar idonta ya yi ja. Baba Toni hularsa na hannu, yana murmushi har kunne. Daga baya na ji abin da ya yi. Ya ga kukana ya ɗauka baƙin cikin kora ne. Ya je ya tsaya a ƙofar maigida ya ƙi tafiya, ya ce yaro ne, ya ce shi ya yafe, ya ce in aka mayar da ni gida da kunya ubana ba zai iya ɗaga kai a garinmu ba, har ya ce in dole sai an kori wani to a kore shi.

Mai Lofe ya miƙo mini hannu, ya ce, "Saboda Toni. Ka cika shekara biyunka."

Kalma huɗu ko biyar nake buƙata, kuma ina da su ko a Turancina. Amma a inda na tashi, in dattijo ya cire hula ya roƙar maka gafara aka ba shi, ba ka buɗe baki ka ce ba ka so. Balle dattijon da ka ci amanarsa kwana uku kana cin taliyarsa. Kunya ce, na sha gaya wa mutane haka. Amma akwai tsoro a ƙarƙashinta. Na ji tsoron in na ce a'a Mai Lofe ya ga ni butulu ne, ya janye zaman ya janye jirgin, in ƙare a tashar Libaful ina yi wa sababbin zuwa sannu. Na durƙusa na yi godiya. Matar Baba Toni ta rungume ni tana kuka, ni ma ina kuka, kowa da nasa.

Jirgin ya tashi babu ni. Na yi aikina, ban sake taɓa raga ba. Da shekara ta zagayo Baƙuwa ta cika manyan ɗakunan, ta yi yadda aka zata, maƙwabta na zuwa kallo. Wasiƙar Hamisu ta biyu ta riga wannan zuwa. Baba ya rasu bayan an gama ɗaurin gero, da safe, bayan ya sha kunu. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Da na shiga wancan jirgin da na yi wata biyu da shi. Ban gaya wa Baba Toni ba, har na baro ƙasar yana ganin ya cece ni, kuma ban ga amfanin ƙwace masa wannan ba.

Na iso Kunduru da takardar shaida a aljihu da kwat ɗin wani a jiki. Bayan na gaida uwata na ce Hamisu ya kai ni maƙabarta. Damina ta riga ta bi ta kan wurin, ciyawa ta fito ta bushe, tudun kaburburan sun kwanta sun yi kama da juna. Hamisu ya yi gaba ya dawo, ya tsaya yana auna nisa daga wata bishiyar aduwa da idonsa. Na tsaya ina jira, hannuna a buɗe don addu'a.

"Wanga ne, Yaya," ya ce. Ya dubi na kusa da shi. "Ko kuwa wancan."